Kafin samarinmu su kashe dawaki da sunan tseren dogon zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, don Allah ka ɗan ba ni fili, ko da yake na san kokowa da ƙwallo sun cinye shafin wasanni naku, ina son in yi magana a kan wani zance da ke yawo bakin samari nan Tahoua tun da damina ta fara ja baya. Duk fadar da ka zauna shan shayi in dai akwai masu son doki a ciki to sai an jawo maka bidiyon Dubai a salula, dawakin Larabawa na keta rairayi, manyan motoci na bin su gefe da gefe ana miƙa wa mahaya robobin ruwa suna kwarara wa dokin a wuya, sai ka ji yaro ya ce ai mu ma za mu iya. Har na ji wasu na shawarar in an gama girbi a haɗa kuɗi a tashi daga Tahoua zuwa Ƙonni a yini guda, wanda ya riga isa ya kwashe. Wallahi na ji daɗin sha'awar tasu, amma kuma gabana ya faɗi, don in anka yi shi yadda suke faɗi to gawar doki za a ɗauko a hanya, ba ɗaya ba ba biyu ba.

Daɗin da na ji shi ne, in akwai wasan da ya dace da dokinmu to wanga ne. Dokinmu na Ader ba ya da tsawon na Turawa kuma ba zai kama na Ingila a gudun mita 1000 ba, amma yana da ƙashi, kofatonsa ya saba da dutse da fako, ya san rana, ya san ƙishirwa, abinci kaɗan ke riƙe shi. Kakanninmu da irinsa sunka riƙa zuwa Sakkwato da Agadas, manzannin sarakuna da shi suke kai saƙo tun babu kwalta babu mota. Yau mun maida shi na kwalliyar Sallah da rakiyar ango, sai ko sukuwar minti biyu a fili, shekara guda yana ɗaure a turke yana cin gero, ran da anka kwance shi a ce ya tashi sama. Don haka ni ba na cikin masu cewa a bari. A yi, amma a san abin da ake yi tukuna.

Shi wanga tsere da Faransawa ke kira andurans yana da dokoki da tarihi. A Amurka ya yi suna, shekarar 1955, lokacin da wani mutum Wendell Robie ya tashi da abokansa daga wajen tafkin Tahoe zuwa garin Auburn a jihar Kalifoniya don ya nuna doki zai iya mil 100, wato kilomita 160, cikin awa 24. Har gobe ana yin gasar duk shekara da sunan Tevis Cup, kuma kusan rabin waɗanda ke tashi ne kawai ke ƙarasawa. Ostireliya na da tata tun 1966, Faransa na da ta Florac cikin duwatsu, Afirka ta Kudu na da ta Fauresmith wadda ake kwana uku ana yi. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai mazauni a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ta karɓi wasan a 1982, an yi gasar duniya ta farko a Italiya a 1986, kuma mace ce ƴar Amurka ta cinye, don maza da mata tare suke tashi.

Abin da bidiyon salula ba ya nuna wa yaranmu shi ne ba a yin kilomita 160 ɗin nan a miƙe. Yanka ta ake zagaye-zagaye, wani kilomita 40 wani 30 wani 20, kuma ƙarshen kowane zagaye sai ka sauka ka kai dokinka gaban likitan dabbobi. Nan ne gasar take, malam Edita. Kana isowa mutanenka za su tare ka da bokitai, a zare sirdi, a yi ta zuba wa dokin ruwa a wuya da ƙirji da cinyoyi, don ana ba ka minti 15 ne kacal bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya, in zagayen ƙarshe ne minti 20, kuma a tsakiyar gasa agogonka bai tsayawa sai ka shiga wurin likita, ke nan wanda ya kori dokinsa ya iso da wuri zai tsaya yana wanka wanda ya zo a hankali ya wuce shi. Likita zai sa abin sauraro bayan gwiwar hannun hagu ya ƙirga. Zai ɗaga leɓe ya danna dasashi da yatsa, wurin ya yi fari, in jini bai komo cikin daƙiƙa 2 ba akwai magana. Zai tsunkuli fatar kafaɗa ya saki ya ga ko ta koma nan take ko ta tsaya a tattare, alamar ruwan jiki ya ƙare. Zai kara kunne a ciki ya ji ko hanji na motsi, ya shafa gadon baya da wurin majayi ko akwai miki. Sannan ya ce ka ja shi da ragama yana sassarfa mita 40 ka juyo, shi ko yana tsaye yana kallon ƙafafu da yadda kai ke kaɗawa. Ɗingishi ko kaɗan ne, an fidda ka. Kuma ko kai ka fara tsallaka layin ƙarshe ba ka ci ba sai dokin ya wuce wanga bincike, in ya faɗi to kamar ba ka zo ba.

To a tsarin samarinmu wa zai duba? Babu. Kuɗi na ajiye a Ƙonni, rana na dukan kai, kowa na jin kunyar a ce shi ya sare, kuma doki dabba ce da ba ta iya cewa na gaji, in ka matsa masa zai yi ta tahiya har zuciyarsa ta tsaya. Na taɓa ganin irin haka da idona a unguwarmu. An ari wani kili lahiyayye anka tahi biki wani ƙauye cikin watan bazara, anka yi sukuwa can, anka juyo da shi da azahar ba hutu. Da ya iso gida gumi ya bushe masa ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri, an aje masa ruwa ya ƙi ko kallo, naman cinyarsa ya sandare yana ta ɓari, idonsa ya faɗa, da ya samu ya yi fitsari sai ga shi baƙi-baƙi. Ana ta cewa kambun baka ne ana neman turare, alhali ruwa da gishirin jikinsa ne sunka ƙare naman jiki ya lalace ya taɓa ƙoda. Bai kwana biyu ba. Mai dokin dattijo ne da ya rene shi tun yana dukushi, ya daɗe bai ƙara sayen wani ba.

Su ma mutanen Dubai da ake kwaikwayo ba su tsira daga wanga ba. Gaskiya ne sun zuba dukiya a wasan, sarkinsu Shehu Muhammad bin Rashid da kansa ya ci gasar duniya a Ingila a 2012, amma a 2015 FEI ta dakatar da ƙasar tasu, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, baki ɗaya saboda yadda ake wahal da dawaki da karya doka. A shimfiɗaɗɗen rairayi da anka gyara da injin suke gudu, gudun ya yi yawa, ƙafafun dawaki na karyewa. Mu da ba mu da asibitin doki ba mu da motar ɗaukar wanda ya faɗi, me zai kai mu bin wagga hanya?

Yaron da ke son shiga da gaske, ga abin da zan ce masa. Kada ka ce sai ka sayi ɗan Larabawa, wanda ke turken gidanku ya isa in dai ƙafafunsa huɗu lahiya lau suke, bayansa ba miki, kuma yana da ci yana da sha. Na fi son doki mai sanyin rai wanda ko ina ka kai shi zai sa baki ya sha, da ingarma mai zafin kai da zai ƙone ƙarfinsa wajen haniniya da neman faɗa tun ba a tashi ba. Goɗiya ma na yi, kada a rena ta. Sai shekaru. Mu nan doki na shekara 2 an ɗora masa sirdi, ƙashinsa ko bai gama ƙwari ba sai wajen shekara 5 zuwa 6, shi ya sa a dokar FEI ba ya shiga ko ƙaramar gasa sai ya kai 5, ta kilomita 160 kuwa sai ya kai 8. Kai mahayi ma ba a barinka ka faɗa babbar gasa kai tsaye, sai kun gama ta kilomita 40 zuwa 79 sau biyu, ta 80 zuwa 100 sau biyu, kuma ba ka wuce gudun kilomita 16 a awa. A Faransa daga kilomita 10 ko 20 sababbi ke farawa, an ƙayyade musu gudu, wanda ya iso da wuri fiye da kima ma laifi ya yi.

Horon kuwa ba wani asiri cikinsa sai haƙuri, ba a fafe gora ranar tahiya. Ka fara da kilisa da sanyin safiya, tahiya zalla ta awa guda, kwana uku ko huɗu a sati, sannan ka riƙa sa sassarfa kaɗan-kaɗan har ta zamo ita ce mafi yawa, don da sassarfa ake cin dogon zango ba da sukuwa ba. In za ka ƙara nisa kada ka ƙara gudu a satin, in za ka ƙara gudu kada ka ƙara nisa. Inda mutane ke ruɗuwa, zuciya da huhu da naman jiki suna saurin ƙarfi, wata biyu uku za ka ji dokin ya cika yana jan linzami yana neman a sake shi, amma jijiyoyin ƙafa da ƙashi sai sun ɗauki wata shida zuwa shekara ko fiye, to a tsakanin nan ne ake ɓata doki. Ƙasarmu kuma ta ba mu komi, akwai tudu da hawa wajen Keita da Buza, akwai jigawa, akwai fako, sai dai a yi hattara da rairayi mai zurfi, yana jan jijiya ƙwarai, a bi shi da tahiya. Kullum ka dawo ka shafa ƙafafun daga gwiwa zuwa ƙasa da tafin hannunka, in ka ji zafi ko kumburi a wata to hutu, ka ɗaga kofato ka cire tsakuwa da ƙayar aduwa. In duwatsun sun cinye kofaton har yana taka ƙasa da tsoro, a bar shi ya huta ya toho ko a nemi wanda ya iya sa takalmin ƙarfe.

Sannan ka koyi ƙirga bugun zuciya, wanga ko sisi ba ya ci. Ka sa yatsu biyu ƙarƙashin muƙamuƙi ta ciki, za ka ji wata jijiya na motsi, ka duba agogon salularka ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Doki mai lahiya yana hutawa za ka samu tsakanin 28 da 44. In kun dawo kilisa ka ƙirga, bayan minti 10 ka sake, in ka samu 16 ko ƙasa a daƙiƙa 15 ɗin to ka shiga 64 ke nan, in ko ya tsaya sama ya ƙi sauka aikin yau ya fi ƙarfinsa, gobe ka rage. Ka sami ɗan kaye ka riƙa rubutawa, da kanka za ka ga yadda lambar ke sauka wata bayan wata.

Maganar ruwa ita ce na san za mu yi gardama da dattawa, kuma ina ba su girmansu don a hannunsu munka koyi doki. Mun tashi ana ce mana kada a ba doki ruwa yana cikin gumi, kada a zuba masa ruwan sanyi jikinsa da zafi. Likitoci sun bincika wanga sosai lokacin shirin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 saboda zafin garin, sunka tabbatar zuba ruwan sanyi da yawa shi ne ke sauke zafin jiki da sauri kuma ba ya cutarwa. Doki na aiki cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda, gumin nasa kuma gishiri gare shi ƙwarai, shi ya sa wani lokaci ruwan jikinsa ya ƙare amma ba ya jin ƙishirwa. Don haka duk rijiya ko tabkin da kunka tarar a hanya a bar shi ya sha, kada a ce sai an isa. Gishiri kada ya yanke masa a barga, kanwar da iyayenmu ke ba shi ma ba banza ba. Abinci kuma ciyawa da harawa su ne gaba, dokin da ya kai kilo 300 yana son wajen kilo 6 a yini, gero da dusa a raba su kashi-kashi, kada a tula masa gero da safen tahiya wai don ya yi ƙarfi, ciwon ciki za a jawo masa. A ba shi maganin tsutsa, a yi masa allura wurin ma'aikatan kiwo, ba mu manta murar da ta kashe jakkai da dawaki a ƙasar nan a 2019 ba, ke nan duk dokin da ke tari ko majina kada ya shigo taro.

Kayan hawa ma sai mun sake. Sirdinmu na gargajiya da jalala da sauran ado abin alfahari ne ranar Sallah, amma yana da nauyi yana riƙe zafi, awa huɗu a ƙarƙashinsa baya zai kwaile. Linzaminmu mai zobe kuwa an yi shi ne don tsaida doki cak cikin sukuwa, yana yanka baki, dokin ba ya iya sha da ci da shi yadda ya kamata. Ba sai an yi odar komi daga waje ba, dukawa da maƙeran Tahoua in ka kai musu samfur za su yi maka sirdi marar nauyi da linzami mai sauƙi. Ƙaimi da bulala dokar wasan ta hana su kwata-kwata, hular kwano kuma dole ce, ta ƴan kabu-kabu ma ta fi babu kafin a samu ta hawa.

Shawarata ga masu shirya abin, a manta da Ƙonni bana. A yi kilomita 20 cikin Disamba ko Janairu lokacin ɗari, a tashi bayan sallar asuba a gama kafin rana ta ɗaga, watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ko da wasa kada a gwada. A yi zagaye biyu na kilomita 10 da ke komowa wuri guda bayan gari, ta haka likita ɗaya da tano kaɗan na ruwa a amalanke sun isa, jama'a ma za su ga dawakin sau biyu, kuma ga halin tsaro da muke ciki ba wanda zai so yaransa su yi nisa cikin daji. A sanar da magajin gari da jandarma da masu gari na ƙauyukan da za a ratsa, a kauce wa lambunan albasa da gonakin da ba a kwashe kara ba, don rigimar manomi ɗaya ta isa ta kashe abin tun ranar farko. A ƙayyade gudu, kamar kilomita 10 zuwa 12 a awa, duk wanda ya gama dokinsa lahiya a ba shi takardar shaida, babbar kyauta kuma a ba dokin da likita ya ce ya fi kowa lahiya bayan an gama. A Tevis ma akwai kofi na musamman don haka, ana zaɓa cikin goman farko, kuma masu abin na girmama shi ƙwarai. In bana ta yi kyau baɗi a yi 40.

Abin da ya fi damuna ba ruwa ba ne ba sirdi ba ne, halinmu ne. Ran da likita zai ce dokin Alhaji wane na ɗingishi, ko na ɗan sarki, ko na wanda ya sa kuɗin kyautar, za a bar maganarsa ta tsaya? Ko ko za a ja shi gefe a ce haba likita a duba girman mutum, a yi ta kiran waya har ya sa hannu? In dai za a yi haka to gara kada a fara, don ranar da anka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa an buɗe wa kowa ƙofa ya kashe dokinsa. Haka maganar ƙwaya, kowa ya san ana ɗura wa dabbobi tramol don su yi aiki ba gajiya, in anka ba doki mai ciwon ƙafa zai wuce gaban likita garau ya je ya karye a daji da yaro bisa bayansa. Ba mu da laburatuwar gwada jini, amma muna da ido kuma mun san juna, wanda anka kama a hana shi shiga har abada a kuma faɗi sunansa a fili. Kuma kafin a tashi kowa ya sa hannu gaban shaidu cewa hukuncin likita ba ɗaukaka ƙara.

Mu mutanen Tahoua mun san yadda wasan ƙauye ke zama na ƙasa, a garin nan anka yi kokowar takobi ta farko a 1975, kuma abin da ya ɗaga ta shi ne an sa mata doka da alƙalai kowa ya bi. Ina kira ga hukumar wasannin dawaki ta ƙasa, FENISEQ, da ta dubi wanga fanni ban da sukuwar filin Yamai, ta fidda ƴar takardar doka da Hausa da Zabarmanci da Tamajak wadda yaro zai karanta ko a karanta masa. Ina kira ga likitocin dabbobi na jiharmu, na gwamnati da masu zaman kansu, ko mutum biyu ne su ba da safiyar Lahadi ɗaya su koya wa samari ƙirga bugun zuciya da gane ɗingishi. Kai kuma malam Edita, in akwai likita cikin masu karatunku da ya taɓa aiki a irin wagga gasa, a Maroko ne ko Tunisiya ko Faransa, don Allah ya rubuto ta hannunku mu san yadda za mu same shi kafin ɗari ya shigo. Ni dai amalankena da tano biyu na ruwa suna nan na ba da su ranar, kuma zan tsaya wurin likita in riƙe masa agogo.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai kiwon doki, daga Tahoua